Dutsen Gugar Mahaifina Ya Sami Sabon Mariƙi

Idan mutum ya duba kayan aikin da Bahaushe ya gada kaka da kakanni, zai ga kusan dukkansu aikin mutum biyu ne, watau maƙeri da masassaƙi. Fartanya da garma da gatari da lauje, kowannensu yana da ruwa na ƙarfe, yana kuma da ƙota ta itace. Manomi ya sani sarai ƙota ba ta kai ruwa tsawon rai. Saboda haka ranar da ta karye ba ya yin fushi ya yar da fartanyar, sai ya cire ruwan ya kai a sassaƙa masa sabuwa, washegari ya koma gona. Sau da yawa ruwan gatari guda yakan cinye ƙota biyar ko shida kafin ya gaji.

To, wannan hikima ita ce nake ganin tana neman kuɓuce mana a birane. A nan Karu inda nake zaune, kullum safiya za ka ji yaran nan 'yan gwangwan suna tura amalanke suna neman tsofaffin ƙarafa. Yawancinsu 'ya'yanmu ne daga Arewa masu neman halaliyarsu, ko da yake ɓatagari sun shiga cikinsu, har ta kai a watan Janairun 2025 hukumar Birnin Tarayya ta hana su yawo cikin birni saboda satar murafen magudanan ruwa. Abin da ya dame ni shi ne kayan da mu da kanmu muke miƙa musu. Ka leƙa cikin amalanken nan, za ka ga gatari lafiyayye wanda ƙota kaɗai ya rasa, ka ga shebur, ka ga dutsen guga, duk za a auna su a sikeli a kai su a narkar, alhali kuwa abin da suke bukata bai wuce guntun itace mai tsawon taƙi guda ba.

Ni ma ina da irin wannan kaya a gidana. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mai wanki da guga ne a Tudun Wadan Zariya. Tun kafin a sami mulkin kai a 1960 ya sayi wani dutsen guga na gawayi, baƙi, mai nauyi, mai siffar zakara a kan makullin murfinsa. Da wannan dutse ya goge rigunan malamai da kakin 'yan makaranta shekara da shekaru, daga ladan gugar nan kuma aka ciyar da mu, aka saya mana littattafai. Aikina tun ina yaro shi ne in hura gawayi a kasko, in ɗebo jan garwashi in zuba a cikin dutsen, sa'an nan in riƙa kaɗa shi gaba da baya don iska ta shiga ta ƙofofin gefensa. Shi kuwa Baba yakan yayyafa wa tufa ruwa da yatsunsa, ya gwada zafin dutsen a kan tsumma tukuna, kana ya ɗora shi bisa rigar mutane. Da ya rasu aka raba gado, 'yan'uwana ba su nuna sha'awar dutsen ba, sai ya faɗo hannuna. Bayan da aka dawo da mazaunin gwamnati daga Ikko zuwa Abuja a watan Disambar 1991, aiki ya kawo ni nan, na sami wuri a Karu cikin 'yan'uwanmu Gbagyi, dutsen kuma ya biyo ni cikin akwati.

Jikinsa lafiya lau yake, amma mariƙinsa ya riga ya tsage gida biyu, an ɗaure shi da waya, an naɗe da tsumma. Wata rana uwargida tana kakkaɓe ɗaki sai ta jawo shi daga ƙarƙashin gado ta ce, "Malam, wannan abu dai ya tare wuri, ba ya riƙuwa balle a yi guga da shi. Ga yaran can a waje, ka ba su mana." Don in ji, na sa yaron ya auna, ya yi masa kuɗin da ba su kai na mudun gero ba. Na ce Allah ya ba mu alheri, na mai da kayana ciki. Tun daga ranar na ɗaura niyyar nema masa mariƙi.

Kafintocin da na fara tambaya a kasuwa masu tebur da kujera ne, abin da ke hannunsu malaina ce, itace mai laushi wanda zafi zai cinye cikin 'yan watanni. Ɗaya daga cikinsu ne ya yi mini kwatancen wani dattijo a kan hanyar Karshi, bayan an wuce Jikwoyi da Kurudu, mai sassaƙa turmi da taɓarya da ƙota a gindin wata bishiya. Na same shi zaune bisa guntun kututture, gizago a hannu. Bayan mun gaisa na kwance ƙunshina na ce, "Baba, ga marar lafiya na kawo maka." Ya karɓa, ya jujjuya shi, ya ƙwanƙwasa gindinsa da farce ya kasa kunne, sa'an nan ya ce, "Malam, lafiyarsa ƙalau, ba tsaga ko ɗaya. Wannan zai binne ni, ya binne ka. Amma fa sai ka yi haƙuri, ba aikin yini ɗaya ba ne."

Kwana tara aikin ya ci, na kuwa je sau uku ina kallo. Mariƙin dutsen guga yana zaune ne tsakanin ƙahoni biyu na ƙarfe da suka taso daga murfin, da wata doguwar ƙusa mai noti da ta ratsa cikin itacen daga wannan ƙaho zuwa wancan. Dattijon ya nuna mini yadda tsohon ya mutu. Zafi yana hawowa ta ƙahonin ya bi ƙusar, yana gasa itacen daga ciki a hankali har ramin ya yi faɗi. Gumin hannu da ruwan yayyafi kuma suna shiga ta nan su sa ƙusar ta yi tsatsa, tsatsa kuwa kumbura take yi, ita ce ta tsaga itacen kamar yadda saiwa ke tsaga katanga.

Notin ya riga ya kafe. Wani mai gaggawa da guduma zai sa masa, to, nan ne ake asarar dutsen baki ɗaya. Ƙarfen da maƙeri ke bugawa bisa uwar maƙera yana lanƙwasuwa, amma dutsen guga na zubi ne, narka shi aka yi aka zuba a cikin ƙira, yana kuma ɗauke da sinadarin gawayi kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari. Wannan ya sa yake riƙe zafi, yake jure wuta, shi ne kuma ya sa in aka buge shi sai ya fashe kamar tukunyar ƙasa. Saboda haka dattijon ya riƙa ɗiga wa notin kananzir safe da yamma har kwana uku. Da ya ƙi motsi, sai ya sa zarto ya yanke ƙusar a tsakiya, ya zare guntayen da awartaki, ya aika a sayo sabuwa daidai kaurinta.

Itacen da ya zaɓa ƙirya ce, guntuwar da ta rage daga wata taɓarya, ta fi shekara biyu tana bushewa a inuwa. Ya ce ɗanyen itace in ya ji zafi motsewa yake yi, ya saki ƙusa, mariƙi ya riƙa juyawa a hannu, mai guga ya zubar da garwashi bisa rigar mutane. Ya yanke ta yadda jijiyar itacen za ta bi tsawon mariƙin. Ya fara huda ramin tun itacen yana da kauri, don kada ya tsage, ya sa tsinken ƙarfe a wuta har ya yi ja ya zura a ciki, ramin ya ƙone ya yi santsi. Sai bayan nan ya ɗauki gizago ya shiga fiƙewa, yana rage bakin biyu yana barin tsakiya da tudu. Can ya ce, "Miƙo hannunka, Malam." Ya sa na damƙe, ya duba inda yatsuna suka tsaya, ya ƙara kankare gefe guda da wuƙa. Da ya ɗaura, bai tamke notin har ƙarshe ba, ya ce ƙarfe yana miƙewa in ya yi zafi, tilas a bar masa wurin numfashi. Fenti kuwa ya hana ni, don zafi zai tashe shi ya manne a tafin hannu. Man kaɗanya ya shafa masa, ya bari ya sha, ya sake shafawa har sau uku, itacen ya yi ja mai duhu yana sheƙi.

Kada a ɗauka mu kaɗai ne muka san darajar itace a jikin ƙarfe mai zafi. A Amurka wata mata mai suna Mary Florence Potts ta yi suna a 1871 saboda ta ƙago mariƙin itace wanda ake cirewa daga wannan dutsen guga a maƙala wa wancan, ɗaya yana kan murhu ɗaya yana aiki. Turawa kuma suna da wata irin tanda ta ƙarfen zubi mai murfi, wadda suke toya wainarsu ta fulawa a ciki, har yau akwai masu neman tsofaffinta suna sabunta musu mariƙai suna girki da su. Mu kuwa tun kafin dutsen guga ya iso, da itace zalla muke miƙar da tufa, kamar yadda masu bugu suke yi har gobe a kusa da marinar Ƙofar Mata a Kano.

Na lantarki an ƙago shi tun 1882, sa'ad da kuma aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968 mutane da yawa sun zaci kwanan na gawayi ya ƙare. Ga shi yau fiye da shekara hamsin, ka shiga shagon tela ko rumfar mai wanki daga Karu zuwa Nyanya har Mararaba, da wuya ka rasa shi a ajiye. Wuta tana zuwa tana ɗaukewa, in ta zo kuma da tsada. A watan Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin yunit guda zuwa Naira 225 ga rukunin da aka fi bai wa wuta, dutsen lantarki kuwa yakan sha kimanin yunit ɗaya cikin awa guda. Ashe gaskiyar magabata ce da suka ce da tsohuwar zuma ake magani.

Amma abu biyu suka tsaya mini a rai. Na farko shi ne itace. Dattijon ya ce da can ƙirya da marke a bayan gari yake samunsu, yanzu gidaje sun cinye dajin, masu ƙona gawayi sun bi sauran. Madobiya kuwa an sare ta ana lodinta zuwa ƙasar Sin har sai da aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya zuwa ƙasashen waje a 2018. Mu masu guga da gawayi ma muna da hannu a ciki, tilas mu faɗa wa kanmu gaskiya. Na biyu shi ne magaji. Na tambaye shi, "Baba, ina yaranka?" Ya ce suna haya da babur, babu wanda ya yarda ya riƙe gizago, don kuɗin sassaƙa ba sa zuwa kullum. Ya faɗi haka ba tare da fushi ba, ya ci gaba da aikinsa.

Dutsen yanzu ba ya gidana. Ɗan ƙanena ya gama makaranta shekara biyu ba aiki, na kira shi na ce, "Ga abin da kakanka ya riƙe mu da shi. Aro na ba ka." Ya kafa tebur a bakin layinmu, ranar Alhamis da safiyar Juma'a har layi ake yi masa da manyan riguna.

Saboda haka nake roƙon masu karatu, kafin a miƙa wa mai sikeli wani tsohon kayan aiki, a duba da kyau a ga ko ƙarfen ne ya mutu ko kuwa itacen ne ya gaji. In itacen ne, a nemi masassaƙi tun ana samunsu, a biya shi ladansa ba tare da ƙwaron ciniki ba, ko ɗansa ya ga sana'ar tana da amfani. Wanda kuma Allah ya hore wa fili, ya dasa ƙirya ko maɗaci ko da guda ɗaya ne. Allah ya jiƙan iyayenmu, ya sa albarka cikin abin da suka bar mana, amin.