Ranar da muka je lambun Gidan Gwamna

Mu ne 'yan aji shida. Da aka ce kowane aji ya kawo abin da zai shiga littafin bana, sai muka yi shawara mu ba da labarin tafiyarmu zuwa lambun Gidan Gwamna, wanda yanzu ake kira Palais de Lomé, don akwai wata alfarma da muke so mu roƙa a ƙarshen labarin.

Maganar daga shara ta faro. Wata safiya 'yan matan ajinmu sun gama share filin makaranta, tsintsiya ta bar layi-layi a kan rairayi gwanin kyau, sai maza suka shigo da gudu suka tattake. Faɗa ya kusa tashi. Malam ya raba mu, sannan ya ciro wayarsa ya nuna mana hoton wani tsohon lambu a birnin Kiyoto na ƙasar Japan, sunansa Riyowanji. Babu fure a cikinsa, babu itace. Farar tsakuwa ce shimfiɗe, tsawonta kamar mita 25, faɗinta kamar mita 10, da duwatsu 15 zaune a kai. Masu kula da wurin suna jan tsakuwar da manjagara har ta yi layi kamar igiyar ruwa, kuma ba mai taka ta. Baƙi daga ƙasashe suna zuwa su zauna a baranda su yi ta kallo. Malam ya ce an jera duwatsun ne yadda duk inda ka zauna a barandar nan, sai wani dutsen ya ɓuya maka.

Muka fashe da dariya. Ɗayanmu ya ce, "Malam, wai mutum ya biya kuɗin jirgi don ya je kallon shara?" Malam ya ce, "To ku da kuke Lome, wane lambu kuka taɓa shiga?" Aji ya yi tsit. Ashe cikinmu mu 34 ba wanda ya taɓa shiga ko ɗaya, har akwai mutum biyar da ba su taɓa ganin teku ba, alhali a Lome aka haife su.

Japan ta yi mana nisa, sai muka nemi na kusa. Kowa ya kawo dala 100, iyaye suka cika, aka ɗauko mota. Baba mai gadin makarantarmu ya ce shi ma sai ya bi mu, muka ba shi kujerar gaba. Daga Agowe Zongo muka bi babban titi muka yi kudu, muka wuce jami'a, muka tsallake tafki, ga dogon benen Otel 2 Février yana hango mu. Da teku ta bayyana, motar ta kaure da salati da ihu, har direba ya ce in ba mu zauna ba zai juya da mu.

Mai yi mana jagora ya ce Jamusawa ne suka gina gidan, daga 1898 zuwa 1905. Gwamnoninsu suka zauna a ciki, bayansu na Faransa, bayan samun 'yancin kai a 1960 kuma gwamnatin Togo ta ci gaba da amfani da shi. Daga baya aka bar shi sama da shekara 20 ba kowa, ciyawa da saiwoyi suka cinye shi, sai a 2019 aka buɗe shi ga jama'a bayan gyara. Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shiga. Muka ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "Yara, lokacin da muke kamarku, ko tsayawa nan ba ma iya yi." Sai da Malam ya kama hannunsa sannan ya taka.

Mun ga zane-zane da sassaƙe-sassaƙe a cikin gidan, amma lambun ne ya fi kama mu. Fili ne da ya kai hekta 10, da manyan itatuwa waɗanda suka girmi kakanninmu. Malam ya zaunar da mu gindin wani ya ce minti goma ba magana, ba hoto, mu yi irin zaman baƙin Kiyoto. Wallahi da farko wuya ya yi mana, wannan ya taɓa wancan, wancan ya danne dariya. Can sai jiki ya mutu. Muka fara jin rugugin teku daga bayan katanga, da kukan tsuntsaye iri-iri, da wata ƙara da muka sani sarai: wani bawan Allah yana shara can nesa. A unguwarmu ƙarar zemijan da ta manyan motoci ba sa barin mutum ya ji irin wannan.

Da minti goma suka cika muka je muka gaishe da mai sharar. Muka tambaye shi ko ba ya gajiya, tunda gobe ma ganye zai zubo. Ya yi murmushi ya ce damina ɗaya tak za a bar wurin ya koma daji. A nan 'yan matan suka kalli maza, mazan suka sunkuyar da kai. Tun daga ranar ba wanda ya sake tattaka shara a makarantarmu.

Muna cin shinkafa da wake da muka yi guzuri, sai Baba ya fara ba mu labarin da bai taɓa ba mu ba. Ya ce a tsohon Zongo, can cikin gari, akwai itacen mangwaro a ƙofar gidansu. Da aka tashi unguwar a 1977 aka mayar da mutane nan arewa, sun kwashe kwanon rufi da ƙofofi da tukwane, amma itace ba ya shiga mota. Sabon wurin kuwa rana ce tsagwaronta. Shi ya sa ya dasa darbejiya a filin makaranta, yana ba ta ruwa da buta, yana kare ta da ƙaya saboda awaki. Mun sha haddar karatu a inuwar itacen nan shekara shida, ba mu taɓa tambayar wanda ya dasa shi ba. Kunya ta kama mu.

To ga alfarmar da muka ce za mu roƙa. Mun ji ana shawarar sare darbejiyar nan a gina sabon aji a wurinta. Mun san ajin ƙanana ya cika maƙil, mun ga yadda suke zama kan juna, ba mu ce kada a gina ba. Amma mun auna filin da ƙafa, mu da Malam, muka ga in an matsar da ginin taku 12 wajen rijiya, aji zai samu, itace ma zai tsira. Aji ana gama shi cikin wata uku, inuwa irin wannan kuwa ta ci wa Baba shekara fiye da 40. Iyayenmu na kwamiti, don Allah a duba mana.

Mu ma ba mu zauna haka ba. Mun haƙa ɗan lambatu daga wurin alwala, ruwan da dā yake kwanciya yana tara sauro yanzu yana gangarawa gindin zogale biyu da mangwaro ɗaya da muka dasa. Akuyar maƙwabta ta cinye zogale ɗaya, mun sake dasa wani mun kewaye shi da tsohon kwando. Mangwaron na Baba ne. Mu bana za mu fita, ba za mu ci 'ya'yansa a matsayin ɗalibai ba, don haka mun damƙa shi amana a hannun 'yan aji biyar, tare da buta da tsintsiya biyu.