Zalika Sule, 'Yar Wasan Sinima Ta Yamai

Ina so in ba ku labarin wata mata da ba kasafai ake jin sunanta a nan ƙasarmu ba, ko da yake Nijar maƙwabciyarmu ce. Sunanta Zalika Sule, an haife ta cikin 1947.

Ba ta cika shekara 20 ba Mustafa Alasan ya sa ta cikin wasan sinima nasa na 1966, Le Retour d'un aventurier, labarin wani saurayi da ya komo daga Amurka da kayan kaboyi, ya rarraba wa abokansa. A wannan zamani kuwa masu yin sinima a Yamai ba su da wani babban kamfani a bayansu. Mai wasan shi zai yi ta faman neman kuɗi da na'ura, ya tara abokai, a yi. In an gama kowa ya kama gabansa, babu albashi, balle fansho.

Wasan da ya fid da sunanta shi ne Le Wazzou polygame na Umaru Ganda. Wani Alhaji ya dawo daga Makka, ya ƙaro mata ta uku, Zalika ita ce kishiya mai baƙin kishi. Wasan ya ci babbar kyauta a Wagadugu cikin 1972. To, nan ne abin ke ba ni haushi. Saboda ta iya kwaikwayo ƙwarai, sai mutanen gari suka ɗauka halinta ke nan, suka riƙa zaginta, suna kallonta kamar 'yar iska. Gwanintarta ce ta jawo mata. Ni ma na ga irin wannan sa'ad da muka fita koyon koyarwa: yarinyar da ta fito a matsayin muguwar kishiya a wasan makaranta, yara ba su daina kiranta da sunan nan ba har aka yi hutu, ta kuwa rantse ba ta ƙara shiga wasa.

Umaru Ganda ya rasu cikin 1981, sinimar Nijar ta yi ta ja da baya. Da Rahmatu Keita ta ɗauki labarin Zalika cikin Al'lèèssi, wanda ya fito a 2004, sai ga ta a Yamai cikin talauci, tana ɗibar ruwa da kanta. Daga baya ta tafi ƙasar waje aikatau a gidajen mutane. Allah ya yi mata rasuwa cikin 2021.