Kuɗin Albasar Alhaji

  Yau wani labari zan ba ku wanda na daɗe ina jin nauyin bayarwa, domin abin kunyata ne a cikinsa.

Ni dai Bahaushe ne kuma Kirista, daga wani ƙauye a ƙasar Malumfashi. Kakana Bamaguje ne, ciwon ido ya kai shi asibitin da 'yan mishan na SIM suka buɗe a Kano a 1943, a can ya fara jin bishara, ya dawo gida da ita. To, a cikinta aka haife ni, amma gado ne kawai na ci, kamar yadda ake gadon gona.

A 1998 na zo Badun, na samu wani Alhaji dillalin albasa a kasuwar Shasha ya riƙe ni. Kun dai san halin da irinmu ke ciki a nan. Bayarabe in ya ga hula ya gama yanke hukunci, ɗan'uwanka Bahaushe kuwa in ka ce kai Kirista ne sai ya tambaye ka ko dai daga Jos kake. Saboda haka na ja bakina na yi shiru. Ran Lahadi sai in ce zan je gaida 'yan garinmu, in sulale in tafi sujadar Hausa.

Da Alhaji ya ga na iya rubutu da lissafi, sai ya ba ni littafin bashi. Matan Yarbawa masu sarin albasa sukan ɗauki buhu su biya bayan sun sayar, ni nake bi in karɓo. A 2003 wata daga cikinsu ta biya ni naira dubu 140. Maimakon in kai wa Alhaji, sai na zuba kuɗin a sarin tumatir daga Kano tare da wani abokina, da niyyar in mayar kafin a lura. Motar ta lalace tsakanin Mokwa da Jebba, ta yi kwana uku a rana. Abin da ya iso Badun ruwa ne da wari a cikin kwanduna.

Da Alhaji ya tambayi kuɗin, sai na ce matar ta ƙi biya. Ya yi salati ya ce a bar ta da Allah. Amma magana ta zaga cikin dillalai, aka daina ba ta kaya bashi. Kullum ina ganinta tana wuce rumfarmu da ɗan kwanon albasa da ta saya hannu da hannu, ita da take ɗaukar buhu goma.

Jama'a, babu wanda ya sani, amma barci ya ƙaurace mini. Sai na shiga biyan Allah. Na yi azumi, na ninka baiko, na riƙa zuwa sharar majami'a tun da asuba. Duk a banza, ina durƙusawa addu'a sai fuskar matar nan ta tsaya mini.

Akwai wani dattijo a ikilisiyarmu, mutumin Wusasa, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Har lokacin tsohon juyi yake karantawa, wato Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka fara bugawa a 1932, wanda Likita Miller yake cikin waɗanda suka yi aikin fassararsa. Wata asuba ya same ni da tsintsiya, ya ce, "Ɗana, wannan sharar ta yi yawa. Me ka yi?"

Na faɗa masa komai. Ya yi shiru, can ya ce, "Kai ɗan kasuwa ne, shi ya sa kake ciniki da Allah. Abin da aka riga aka biya a kan gicciye ba a sake taya shi." Ya buɗe mini Afisawa sura ta 2, ya nuna mini cewa ceto kyauta ce ta alherin Allah da ake karɓa ta wurin bangaskiya, aikin mutum ba ya sayenta.

Na ce, "To Baba, ke nan shi ke nan, an yafe?"

Ya ce, "Ka tuna Zakka mai karɓar haraji, a Luka sura ta 19. Yesu ya shiga gidansa tun bai mayar da ko anini ba. Bayan an karɓe shi ne ya tashi da kansa ya ce zai mayar wa waɗanda ya cuta. Kai ma an karɓe ka. Yanzu tashi ka je wurin maigidanka."

Sai da na yi mako biyu kafin na iya. Ranar na bari ya idar da sallar la'asar, na tsuguna a gabansa na ce, "Alhaji, matar nan ta biya. Ni na ci kuɗin." Na sa rai da mari ko 'yan sanda. Ya dube ni ya daɗe, sa'an nan ya ce, "Yaro, na riga na soke bashin nan, babu mai tuhumarka. Me ya sa ka faɗa?"

Ban shirya wa'azi ba, ban ma iya ba. Na ce, "Alhaji, ni mai bin Almasihu ne. Na gaskata ya mutu domin zunubina, ya kuma tashi, Allah ya gafarta mini ba don na cancanta ba. Tunda ya san abin da na yi bai kore ni ba, na rasa dalilin ci gaba da ɓoye maka."

Sai ya yi murmushi ya ce, "Shekara biyar ban taɓa ganinka da buta ba, kana tsammani ban sani ba? Ina jira ne ka faɗa da bakinka."

Bai kore ni ba, bai kuma yafe kuɗin ba. Ya karɓe littafin bashi, ya riƙa cira daga ladana har wata 20. Ya kuma sa ni gaba har wurin matar, na durƙusa a gaban mutane na wanke ta. Ta zage ni da Yarbanci son ranta, kuma da gaskiyarta. Shi da kansa ya bi dillalai ya gyara mata suna.

Alhaji Musulmi ne, a Musuluncinsa ya koma ga Mahaliccinsa. Mun sha hira a kan Annabi Isa, yadda ya san shi da yadda na san shi, inda muka saɓa kowa ya faɗi nasa ba tare da ɓacin rai ba. Littafin bashin nan ya ƙone tare da rumfar a rikicin Shasha na watan Fabrairun 2021, amma ni ban manta shafin ba.

'Yan'uwana masu bi da ke zaune a zango, na san da yawanmu muna ɓoyewa kamar yadda na yi, wasu kuma suna ganin shelar bishara sai da lasifika da gardama. Ni dai shekara biyar ina riƙe da ita ban ba kowa ba, sai ranar da na tsuguna a matsayin ɓarawo aka tambaye ni dalili. Ga 'yan'uwana Musulmi kuwa, waɗanda muke cin tuwo a kwano ɗaya, na gode da riƙo. Wanda yake so ya ji abin da na gaskata, ya zo mu zauna a sha shayi, zan faɗa masa kamar yadda na faɗa wa Alhaji.

Allah ya bar mu tare, ya kai mu gida lafiya.