Keke A Dajin Karura

A arewacin Nairobi, babban birnin Kenya, akwai dajin Karura, mai faɗin hekta sama da 1,000, wanda aka keɓe tun 1932. Mun yi hayar kekuna, muka bi hanyoyin jar ƙasa da tsakuwa. Babu mota, babu hayaƙi, sai inuwa da tsuntsaye da birai.

Ba don gwagwarmaya ba, da tuni gidaje sun cinye wurin. A 1999 har fasa wa Wangari Maathai kai aka yi, da ta je dasa itatuwa don hana rabon filin. To jama'a, kurmin bayan garinmu fa? Sai mun tsaya masa 'ya'yanmu za su same shi.