Sayen Kwamfuta A Gusau, Da Aibin Da Na Shigo Da Shi Cikin Jaka

'Yan'uwa masu karatu, na san da yawa daga cikinku ɗalibai ne, kuma da wuya ɗalibin wannan zamani ya kammala karatunsa ba tare da wata rana ya tsinci kansa a gaban mai sayar da kwamfuta ba, kuɗi a aljihu, zuciya na ɗar-ɗar. Tun daga shekarar 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, wannan na'ura ta tashi daga kayan ƙawa ta koma kayan karatu. Shi ya sa na ga ya dace in ba ku labarin abin da ya faru da ni a watan Nuwamban 2025, duk da cewa akwai gaɓar da ba ta yi mini daɗin faɗa ba.

Ina da yaya da ke aure a Bungudu, ni kuwa ina zaune a Tsafe. 'Yarta ta fari tana ajin ƙarshe a Jami'ar Tarayya ta Gusau, lokacin rubuta kundin kammala karatu ya zo, kuma ta gaji da aron kwamfutar ƙawaye cikin dare. Sai Yaya ta ɗauki adashenta, ta haɗa da kuɗin tunkiyar da ta sayar, ta turo mini naira dubu 230, ta ce, "Kai ne ɗan boko, kai ka san kan waɗannan abubuwa. Ka zaɓo mata mai ƙarko." Ban gaya mata cewa sanina bai wuce na mai amfani ba. Na dai kwana biyu ina tambayar waɗanda suka fi ni sani, domin kuɗin amana ba a shiga kasuwa da shi da ka.

Da na fahimci kuɗin ba zai sayi abin kirki ba, sai na yanke shawarar haɗawa da tsohuwar kwamfutata a yi musaya, a yi ciko. A zahiri taimako ne. Amma kwamfutar tana da ciwon da ni kaɗai na sani: idan ta yi kamar minti arba'in tana aiki sai ta ɗauki zafi, ta mutu da kanta. Daren tafiya na goge ta tas, na cika mata caji, na kashe ta don ta kwana da sanyinta. Ban ce wa raina ga abin da nake shiryawa ba, amma hannuna ya san abin da yake yi.

Na bar Tsafe da hantsi, domin duk wanda ya san wannan hanya a shekarun nan ya san ba a sammakon asuba, ba a kuma yin dare. Muka wuce dutsen Kwatarkwashi, muka shiga Gusau, na tarar da yarinyar tana jirana.

Shagon farko da muka shiga cike yake da kwamfutocin tafi-da-gidanka, an jera su kamar littattafai. Kusan dukkansu na hannu ne, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama yayi, aka shigo da su ta Legas, suka biyo ta Kano ko Kaduna kafin su iso mana. Wannan ba abin kunya ba ne. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya a farashin hukuma ba ta kai naira 500 ba, a cikin 2024 kuwa ta haura 1,500, saboda haka sabuwa fil a kwali ta fi ƙarfin yawancin iyaye. Saurayin da ke shagon ya ɗauko wata mai sheƙi, ya nuna mana tambarin da ke manne kusa da allon rubutu, ya ce, "Malam, Core i7 ce wagga, wallahi babu irinta a garin nan." Kafin in buɗe baki ya ƙara rantsuwa biyu.

A nan ne tambayoyin da na yi a gida suka yi mini rana, kuma ina so mai karatu ya riƙe wannan. Lambar i5 ko i7 ita kaɗai ba ta gaya maka komai game da shekarun na'ura. Abin dubawa shi ne lambar da ke biye da ita a cikin bayanan kwamfutar, ba a jikin tambari ba. Idan ka ga i7-6600U, wancan 6 na farko na nufin zubi na shida ne, wanda kamfanin Intel ya fitar tun 2015. Idan kuma ka ga i5-8250U, zubi na takwas ne, na 2017, kuma ya fi wancan i7 ɗin ƙarfi nesa ba kusa ba. Abin bai tsaya ga sauri ba. A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da yake bai wa babbar manhajar Windows 10, ita kuwa Windows 11 a ƙa'idarta sai daga zubi na takwas zuwa sama, in ban da 'yan ƙalilan. Ana iya cusa ta da dabara a kan tsohuwar na'ura, kuma ana yi, amma wanda ya saya bai sani ba an sayar masa da jiya ne da sunan yau.

Na roƙi saurayin ya buɗe mini bayanan. Zubi na shida ce. Na ce a cire caja mu ga yadda batirin zai yi, sai fuskarsa ta canza, ya ce ai ba a gwajin batir a shago. Na dubi rasidinsu, a ƙasa an buga da Turanci cewa kayan da aka saya ba a dawowa da su. Muka yi masa sallama. A kan hanya na cika yarinyar da jawabi a kan lalacewar amana a kasuwanninmu, ina magana jakar tsohuwar kwamfutata na rataye a kafaɗata.

Shago na biyu ƙarami ne, na wani dattijo da yaronsa mai gyara. Abin da ya fara burge ni shi ne bai tambaye ni nawa na zo da shi ba, yarinyar ya tambaya, "'Yata, wane aiki za ki yi da ita?" Da ta ce rubutu ne da lissafin alƙaluman bincike, sai ya ce to ba ta buƙatar mai tsada, abin da take buƙata shi ne ma'adanar wucin-gadi mai gig 8, da ma'adanar SSD maimakon tsohon faifai mai juyawa, da batirin da zai riƙe ta idan an ɗauke wuta. Ya ɗauko wata HP zubi na takwas, kafin ya kunna ta sai ya kifa ta, ya nuna mana inda kusurwarta ta lotsa. Sannan ya ce batirinta ya ci rabin zamaninsa, kada mu sa ran ya wuce awa biyu.

Bai bar mu da maganar baki ba. Ya sa yaron ya buɗe baƙin allon umarni ya rubuta powercfg /batteryreport, sai ga rahoto ya fito mai nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da kuma wanda ya rage masa: an yi shi a kan kusan 50,000, yanzu yana ɗaukar 31,000 da 'yan kai. Wannan umarni yana cikin kowace Windows ta yanzu, kyauta ne, bai kai minti guda ba, kuma na yi mamakin yadda na shekara goma ina amfani da kwamfuta ban san da shi ba. Daga nan ya zaunar da yarinyar ta danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya, aka gwada kowace kafa ta jona filashi, da kyamara, da lasifika, aka buɗe farin shafi don a ga ko fuskar na da tabo, aka kuma tabbatar tsohon mai ita bai bar wani makulli a ciki ba. Farashi naira dubu 300.

Sai na zaro tawa. Yaron ya kunna ta, ta tashi garau kamar ba ita ba, ya yi 'yan dube-dubensa na minti goma, dattijon ya yi mata kuɗi dubu 70. Lissafi ya cika cif. Yana shirin rubuta rasidi sai ya ɗago kai ya ce, "Malam, akwai wata matsala da ka san tana da ita?"

Na ce, "Alhaji, ai ga ta nan, kun gani da idonku."

Ku lura da wannan amsa, 'yan'uwa. Babu ƙarya a cikin lafazinta, kuma na zaɓe ta ne saboda haka. Ko saurayin shagon farko, da na gama zargi, bai kai ni iya tsara zance ba, shi rantsuwa kawai ya iya.

Allah Ya sa aka kira sallar Azahar kafin a rubuta komai, aka rufe shago muka tafi masallaci. Ban ji daɗin wannan salla ba. Abin da ya yi ta dawo mini shi ne karatun Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani da muka yi a zaure muna samari, babin ciniki, inda malaminmu ya daɗe yana bayanin haramcin algus da ɓoye aibin haja, da cewa wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓin mayarwa ya karɓi kuɗinsa. A lokacin duk misalan na dabbobi ne da hatsi da tufafi, ni kuma kullum ina sa kaina a matsayin mai saye, wanda za a cuta. Ban taɓa hango kaina a ɗaya gefen ba. Na kuma tambayi raina: wa zai sayi wannan kwamfuta daga hannun dattijon? Ba mai kuɗi ba ne. Wanda zai sayi mafi arahar kaya a shago ɗalibi ne irin wannan yarinya, da kuɗin wata tunkiyar, kuma za ta mutu masa ne a tsakiyar aiki.

Da muka dawo na ce, "Alhaji, ɗazu ka yi mini tambaya ban ba ka amsa ba." Na faɗa masa komai, a gaban yarinyar, wadda ta sunkuyar da kai kamar ita ta yi laifin. Ya sa yaron ya kwance bayanta, suka tarar fankar ta toshe kuma tana gab da tsayawa. Ya yi shiru kaɗan, ya ce to dubu 50 zai iya biya.

Ba zan ɓoye muku ba, raina ya sosu. A can ƙasan zuciyata na ɗauka zai yaba mini ya bar farashin yadda yake, kamar yadda ake yi a labaran wa'azi. Bai yi ba, kuma ba shi da dalilin yi, domin sabuwar fanka kuɗi ce, aikin yaron ma kuɗi ne. Abin da ya yi shi ne ya yarda in biya dubu 5 da ke aljihuna, sauran dubu 15 in turo masa ƙarshen wata.

Sai batun garanti. Ya ce kwana bakwai yake bayarwa. Na ce yarinyar Bungudu za ta wuce ta yi mako kafin ta dawo makaranta, ni kuma zuwa daga Tsafe ba abu ne da ake yi kullum ba. Ya mayar da shi kwana goma sha huɗu, ya rubuta da hannunsa a bayan rasidin, tare da lambar jikin kwamfutar da ƙarfin batirin kamar yadda muka gani. Ko da yake dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018 ta bai wa mutum damar mayar da kaya mai aibi, takardar da ke hannunka ita ce ke rage doguwar magana.

Na raka yarinyar tashar motar Bungudu, ta rungume jakar a ƙirji. Har muka isa ba ta ce uffan a kan abin da ya faru ba, ni ma ban sake ɗauko jawabin amana ba. Na samu motar Tsafe kafin La'asar.

Bayan kwana uku ta kira ni da dare. "Kawu, an ɗauke wuta tun Magariba, na gwada ta. Awa biyu ba minti goma ta yi." Na ce to ta riƙa adana aikinta a filashi duk da haka. Dubu 15 ɗin kuwa na tura wa dattijon ranar da albashi ya shigo, kuma har yau Yaya ba ta san an yi wani ciko ba.