Tsohon Rediyo da Zanen da Bai Yi Kama da Kowa Ba

Akwai gardama iri biyu da ba sa ƙarewa a ɗakin malamai, da bakin majami'a bayan an tashi sujada, har da teburin mai shayi a Kwanar Gafan. Ta farko a kan kayan wuta ce. Wasu su ce kayan dā sun fi ƙarko, na yanzu kwalliya ce kawai. Wasu su ce tsohon kaya wahala ne, a zubar a huta. Ta biyu a kan zane ce. In an nuna wa mutum zanen da ya yi kama da mai shi, sai ya ce, "Kai, yaron nan yana da hannu!" In kuwa aka nuna masa layuka da launuka da ba su fito da mutum ko dabba ba, sai ya taɓe baki ya ce jagwalgwalo ne. Da aka ba ni fili a littafin makaranta na bana, na ga ya dace in haɗa su biyun, domin tushensu ɗaya ne. A duka biyun muna yanke hukunci da ganin fuska, ba ma tsayawa mu tambayi aikin da abin yake yi.

Bari in fara da kayan wuta. Da wuya ka shiga gida a Garun Mallam, ko Chiromawa, ko Kadawa, ko Kura, ko Bunkure, ka rasa wani lungu da aka jibge tsohon rediyo, da rikoda, da bidiyo, an lulluɓe su da ƙyalle. Waɗannan kaya tarihin yankinmu ne. Bayan an gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya fara bin magudanai zuwa gonaki, noman rani ya sa kuɗi a hannun manomi. In ya sayar da alkama ko tumatir, keke da rediyo suna cikin abin da yake fara saye. A 1982 gidan talabijin na jihar Kano, wanda aka sani da CTV a lokacin, ya fara aiki. A 1990 fim ɗin Turmin Danya ya buɗe ƙofar finafinan Hausa na bidiyo. A 2001 wayar hannu ta shigo ƙasar nan, ita kuwa a hankali ta haɗiye aikin rediyo, da rikoda, da kyamara, da agogo, har da tocila.

Mahaifina yana da rediyo ƙirar National mai cin manyan batura huɗu. An ɗinka masa riga saboda ƙura, kuma yaro ba ya taɓa shi. Da shi muke jin Rediyon Kaduna, da sashen Hausa na BBC wanda ya fara watsa shiri tun 1957. In batir ya yi sanyi, sai a shanya shi a rana don ya ƙara kwana ɗaya. Rediyon nan ya yi fiye da shekara ashirin yana magana. Dalili ba ɓoyayye ba ne. Da kusoshi aka ɗaure shi, kayan cikinsa manya ne, ido yana ganinsu. In abu ɗaya ya ƙone, mai gyara ya narkar da dalma ya cire shi, ya sa wani. Yawancin kayan yau kuwa da gam aka manne su, kayan cikinsu ƙanana ne kamar ƙwayar gero, an jera su a kan allo ɗaya. In ya lalace, amsar da za ka ji ita ce, "Malam, sai dai a sauya allon gaba ɗaya." Kuɗin allon kuma ya kusa kuɗin sabo.

To, masu yabon kayan dā suna da gaskiya, amma ba dukanta ba. Su tuna cewa waɗanda suka rayu kaɗai muke gani. Dubban rediyon da suka mutu cikin shekara biyu a wancan zamani, tuni 'yan gwangwan suka kwashe su, ba wanda yake tuna su. Ban da haka, tsohon kaya yana da cin wuta. Hasken da tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 yake bayarwa, ƙwan zamani mai wat 9 yana ba da kamarsa. Ga gidan da ya dogara da janareta ko faranti ɗaya na sola, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Tsohuwar talabijin mai ƙeya ma haka take, kuma akwai dalma a gilashinta, tana kuma riƙe wuta mai ƙarfi a cikinta ko bayan an kashe ta. Ina roƙonku 'yan ƙungiyar kimiyya, kada ku buɗe bayanta don neman waya. Hausawa sun ce sabo turken wawa, sun kuma ce da tsohuwar zuma ake magani. Hikima ita ce mutum ya san wanne ne turke, wanne ne zuma.

Ni tambaya uku nake yi wa tsohon kaya. Har yanzu yana yin aikin da nake bukata? Gyaransa zai yiwu da kuɗin da ya dace? Akwai wani abu a cikinsa da kuɗi ba ya saye? Ta ukun ita ce ta fi damuna. A akwatunan iyayenmu akwai kaset-kaset na waƙoƙin zumuntar mata, da na ɗaurin aure, da saƙonnin murya da 'yan'uwa suke aikowa daga nesa lokacin da ba waya. Wasu masu muryoyin nan sun riga mu gidan gaskiya. Zaren kaset ba ya son zafi da ƙura, mu kuwa muna da su da yawa. Robar da take juya rikoda tana narkewa ko ba a amfani da ita. Kamfanin Funai na ƙasar Japan, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera na'urar bidiyo mai kaset, ya daina a 2016. Ranar da rikoda ta ƙarshe a unguwarku ta mutu, muryar kakarku ta tafi ke nan. Duk wanda ya ajiye waya kusa da rikoda ya naɗi muryar nan kafin ranar ta zo, ya yi wa danginsa babban aiki.

Wanda kuma ya mutu murus, a san inda za a kai shi. Wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan wuta, abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida kuwa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Mu nan abin ya fi shafarmu, gama ruwan da yake bin magudananmu shi ne yake shiga shinkafa da tumatir da albasa. Batirin da aka jefa a magudana, da hayaƙin wayar da yara suke ƙonawa don su ciro jan ƙarfe, ba ɓacewa suke yi ba. Suna komowa cikin tukunya da ƙirji.

Yanzu sai zane. Don sauƙi zan kira na farko zanen kama, wato wanda yake fito da abu yadda ido yake ganinsa. Na biyu zan kira shi zanen fasali, wato wanda yake aiki da layi da launi da siffa, ba tare da ya kwaikwayi fuskar komai ba. Mutane da yawa suna zaton na biyun baƙo ne, Turawa suka kawo. Amma dattijon da yake ce masa jagwalgwalo, dubi hular kansa. Dubi aikin aska takwas a ƙirjin babbar rigarsa. Dubi dagin Arewa a goshin zaure, da adon bangon Gidan Makama a Kano, da shacin ƙwarya, da lallen amarya, da zayyanar allo. Da wa suka yi kama? Ba kowa. Amma ba wanda ya taɓa ce musu shirme, har muna biyan kuɗi mai yawa don mu sa su a jiki. Ashe mun daɗe da sanin zanen fasali. Sai an sa shi a takarda an rataye a bango ne muke tsarguwa.

A Turai ma hanyar ba ta zo haka kawai ba. Bayan an ƙago ɗaukar hoto a Faransa a 1839, na'ura ta fara yin aikin kama da sauri da araha, sai masu zane suka shiga neman abin da na'ura ba ta iyawa. Picasso, a wajajen 1907, ya karkata zuwa siffofin da ya gani a sassaƙe-sassaƙen Afirka. A ƙasarmu kuwa hanyoyin biyu sun daɗe suna tafiya tare. Kawunan tagulla da aka tono a Ife a 1938 sun yi kama da mutane ƙwarai, har wasu Turawa suka yi ta shakkar cewa baƙar fata ne ya yi su. A 1958 waɗansu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane. Cikinsu akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo. Ra'ayinsu shi ne a koyi dabarun makaranta sosai, sa'an nan a haɗa su da adon gargajiyar gida. Ko takardar naira ashirin tana koya mana haka. A gabanta ga fuskar Janar Murtala Muhammad, kowa ya gani ya gane shi. A bayanta ga Ladi Kwali maginiyar tukwane, wadda ta yi suna a duniya da ƙadangaru da kunamu da kifayen da take shatawa a jikin tulu, an miƙe su an lanƙwasa su har sun zama ado.

Ga inda gardamar biyu suke haɗuwa. Na taɓa zama a shagon wani mai gyaran rediyo ina jiran aiki, sai na ga ya buɗe wata tsohuwar takarda cike da layuka da ɗigo da alamu. Ba ta yi kama da rediyo ko kaɗan ba. Amma da ita ya bi hanyar wuta har ya kai ga abin da ya ƙone. Da hoton rediyon aka ba shi, komai kyansa, ba zai amfane shi ba. Haka taswirar magudanan ruwan yankinmu take: layi mai kauri babbar magudana, sirara ƙanana, murabba'i gonaki. Ba ruwa ba ciyawa a jikinta, amma da ita ake raba ruwa. Wani lokaci sai an cire kamanni sa'an nan gaskiyar abu take fitowa. Kama da wane ba wane ba ne.

Kada wani ɗalibi ya ji wannan ya ce ya sami mafaka. Zanen kama yana da gurbinsa da ba mai ƙwace masa. Uwar da ta rasa ɗanta fuskarsa take so ta gani. Mai jarrabawar ilmin halittu in ya ce a zana fure ko kifi, fure da kifi yake nufi. Zanen kama shi ne yake koya wa ido haƙuri, ya koya wa hannu biyayya. A kwalejin horon malamai mun yi makonni muna zana tulu ɗaya da inuwarsa kafin a bar mu mu taɓa launi. Wanda ya kasa zana akuya, ya watsa fenti ya ce fasali ne, malalaci ne, kuma aikinsa zai tona shi. Maɗinkin hula ba ya soka allura inda ya ga dama. Kowane zare yana da lissafi. In ka tsaya gaban zanen fasali, tambayi kanka: akwai tsari? Launukan suna zaman lafiya da juna? Ina idona ya fara sauka, ina ya bi? Me na ji a raina? In ba ka sami amsar ko ɗaya ba bayan ka duba da kyau, kana da 'yancin cewa bai yi maka ba. Amma ka duba tukuna.

Abin da yake ba ni tsoro shi ne halin da muke koya wa yara ba da saninmu ba. Yaron da ya saba jefar da abu don ya tsufa, ya kuma saba raina abu don bai gane shi nan take ba, wata rana haka zai yi wa mutane. Tsofaffinmu ma muryarsu tana shaƙewa, maganarsu kuma ba kullum take fitowa fili ba.

Saboda haka ga aikin hutu guda biyu, ba maki a kansu. Na ɗaya, kowa ya nemi tsohon kaset a gidansu, ya nemi rikoda mai rai, ya naɗi abin da yake ciki a waya, ya rubuta sunan mai muryar da shekarar in an tuna. Na biyu, kowa ya zana abu ɗaya sau biyu, ko da kwandon tumatir ne: sau ɗaya yadda ido yake ganinsa, sau ɗaya da layi da launi kaɗai, kamar za a ɗinka shi a hula. Ku kawo mu rataye su gefe da gefe a ɗakin taro, iyaye su zo su yi gardamarsu a gabansu. Ku 'yan aji shida masu barinmu bana, ku ma ban cire ku ba. Allah ya kiyaye hanya, ya ba mu idon gani da kunnen ji. Amin.