Dutsen da Za Mu Hau a Hutun Bazara

Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Katsina ta ratsa Kurfi ta sauka Dutsin-Ma ya san ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, amma ba kamar faranti ba. Kana cikin tafiya tsakanin gonakin dawa da gero sai ka ga dutse ya tsaya a gabanka shi kaɗai, wani kamar an kifa ƙwarya, wani kuma manyan curi ne a kan juna kamar da hannu aka jera su. Masana ƙasa sun ce irin waɗannan duwatsu sun kai shekara miliyan 600 ko kusa da haka. Narkakken dutse ne ya daskare can ƙarƙashin ƙasa, ruwa da iska suka yi ta share ƙasa mai laushi da ta rufe shi, har mai taurin ya fito fili. Mu 'yan Kutawa da su muka buɗe ido, shi ya sa ba mu cika ɗaga kai mu dube su ba.

Mu takwas ne, duk 'yan aji biyu na babbar sakandare. Mun yi shawara tun farkon zango na biyu cewa in an ba da hutu za mu haɗa ayarin babura mu je mu hau dutse, mu ci abinci a bisansa, mu ɗauki hotuna. Kan wannan ba wanda ya ja. Wane dutse? Nan ne gardama ta ɗauke mu mako uku.

Asalin abin wani bidiyo ne da ya zagaya wayoyin yayyenmu, na wasu samari a Kanada suna gudu a kan tsaunuka da babur ɗin ƙanƙara. Ba shi da taya. Gabansa wasu dogayen takalma ne guda biyu masu sulɓi, bayansa kuma bel ne mai haƙora irin na tankar yaƙi, shi ke tura shi. Wani mutumin lardin Kebek mai suna Joseph-Armand Bombardier ne ya fito da ƙaramin samfurinsa, Ski-Doo, a 1959. Abin da ya ba mu dariya shi ne wanda ya fassara mana bayanin ya ce wai a "bazara" suka yi tafiyar. Bazararsu lokaci ne da sanyi ya fara sassautawa, ƙanƙara ta fara narkewa. Tamu kuwa, kowa ya sani, ita ce lokacin da ma'aunin zafi ke kaiwa digiri 40, kaza ta buɗe baki, kwalta ta yi laushi.

Amma da muka bi bayanin a hankali, sai muka ga yadda suke zaɓen tsauni abin koyi ne. Ba kyan wuri suke fara dubawa ba. Tsawo suke dubawa, domin duk mita 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da kimanin digiri shida da rabi, saboda haka a ƙarshen sanyi tsauni mai tsawo ne kaɗai ke riƙe ƙanƙararsa. Sai su duba haɗari: in rana ta ɗaga ta ɗumama gangare, ƙanƙarar na iya ɓallewa ta gangaro gaba ɗaya ta binne mutum da babur ɗinsa. Don haka da sassafe suke fita, kuma suna tambayar mutanen wurin halin da tsaunin yake ciki a ranar. Bayan haka su duba wanda ya fi kowa rauni a cikinsu, su zaɓi wurin da shi ma zai iya.

Masu son tsawo a cikinmu suka ce to shi ke nan, mu ma mu gudu daga zafi mu nufi sama. Aka ɗauko taswirar makaranta. Tsaunukan Shere na Jos sun kai mita 1,829 daga doron teku. Chappal Waddi a Taraba, wanda ya fi kowane tsauni tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne. Wannan magana ba ta kwana ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, cika tankin babur ɗaya ya zama abin da sai an yi shawara a gida, balle babura huɗu zuwa Filato. Duwatsun da aljihunmu zai iya kaiwa kuwa, tsawonsu bai isa ya rage wa kowa zafi ba. Sanyin da ake ji a kansu iska ce kawai, don ba gini ko itace da ya tare ta.

Sai aka koma kan duwatsu masu suna. Ɗayanmu, wanda kakarsa Bazamfara ce, ya kafe a kan Kwatarkwashi da ke kusa da Gusau, dutsen mikiya, wanda mutanen dā suka zauna a kansa kafin su sauko. Wani ya ce Kufena a Zariya, mai tsohuwar ganuwa a gindinsa, kusa da Wusasa. Duka biyun sun cancanci a gani. Sai dai kafin ka ga dutse sai ka bi hanya, kuma hanyar kudu daga Dutsin-Ma ta 'Yantumaki da Ƙanƙara take bi kafin a kai Funtuwa. Ba ɗalibi a jihar nan da bai san abin da ya faru a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disamba 2020 ba, lokacin da aka kwashe ɗaruruwan 'yan uwanmu a dare ɗaya. Yamma da mu kuma Safana ce da Batsari da Ɗanmusa, bayansu dajin Rugu.

Mahaifin ɗayanmu, tsohon direba ne, shi ya nuna mana abin da ba mu hango ba. Mun same shi a zaure bayan la'asar, muka gaishe shi, ɗansa ya ce, "Baba, shawara muka zo nema." Ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya ce, "Samari, ba hanyar ce kaɗai ta dame ni ba. Ku kanku ne. In kuna zaune a ƙofar gida kuka hango ƙura, babura huɗu a jere, kowanne da goyo, me za ku yi?" Muka yi shiru, domin amsar a fili take. Gudu za mu yi.

Nan ne maganar ta canza. A Kanada ayarin babura alamar hutu ce. A ƙauyukanmu alamar tashin hankali ce, domin haka 'yan bindiga ke shigowa. Mata za su kwashi yara su shige gona, wani ya buga waya, kuma 'yan sa-kai ko jami'an tsaron al'umma da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a Oktoba 2023 ba su da hanyar sanin cewa littafin labarin ƙasa ne a jakarmu. Mun tuna 2021, lokacin da aka hana ɗaukar mutum uku a babur, aka hana sayar da mai a jarka, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Kurfi da Dutsin-Ma. Muna ƙanana a lokacin, amma mun ga manya suna tafiya mai nisa don su sami inda za su kira ɗan uwa. Wanda ya ga wannan bai kamata ya tsorata ƙauyen wasu don neman hoto ba.

Akwai kuma doka, wadda mu samari muka saba yi wa kallon ba da mu take ba. Lasisin tuƙi sai mai shekara 18, kuma babu ko ɗaya a cikinmu da ya kai. Hular kwano wajibi ce ga mai tuƙi da wanda aka goya, ko da a garinmu wanda ya sa ta ake kallo. Da muka ƙirga, hula biyu ce kacal a gidajenmu takwas.

Da ayari ya rushe, Dala ta samu ƙuri'a biyar. Hujjarta mai ƙarfi ce. Ana shiga mota a Dutsin-Ma a bi ta Kankiya a hau babban titin Kano, ba daji, ba ƙura. Dutsen a tsakiyar birni yake, an yi masa matakala, ko mai ciwon ƙafa zai lallaɓa ya hau. Ga tarihi: a nan littafin Tarihin Kano ya ce Barbushe ya zauna yana hidimar Tsumburbura kafin zuwan Bagauda, kuma masu tonon kayan tarihi sun sami alamar narka ƙarfe a wurin tun wajen ƙarni na 7. Daga samansa ana hango Goron Dutse da rufin kasuwar Kurmi da birnin da ba a ganin ƙarshensa. A ganinmu, in ɗalibin ƙasar Hausa zai hau dutse ɗaya tak a rayuwarsa, Dala ce ta fi dacewa.

Kuɗin mota zuwa da dawowa ne ya tsaya mana a wuya. Uku daga cikinmu ba za su iya ba, kuma ɗaya bai faɗa da bakinsa ba, sai dai muka lura ya daina zuwa wurin shawara. In aka tafi mutum biyar aka bar uku, an je Kano, amma ba tafiyar da muka shirya ba ce.

Shi wannan da ya daina zuwa, shi ne tun ranar farko ya ce a hau dutsen da ke cikin garin Dutsin-Ma, aka yi masa dariya. Wa zai kira zuwa inda ake aikenmu sayen taki yawon buɗe ido? To amma da aka tambaya, mutum biyu ne kawai a cikinmu suka taɓa hawansa. Sauran mun sha wucewa ta gindinsa da buhu a ka. Labarin da ake bayarwa shi ne wani maharbi mai suna Ma ne ya zauna a kan dutsen, garin ya ci sunansa. Ƙaramin wurin maharbi ya zama mazaunin 'Yanɗakan Katsina, ɗaya daga cikin masu zaɓen sarki, ya zama hedikwatar ƙaramar hukuma a 1976, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga jami'ar tarayya da aka kafa a 2011. Duk wannan a gindin dutse ɗaya ya tsiro, kuma daga sama ne kaɗai mutum zai ga yadda tsohon gari ya dunƙule, sabbin unguwanni suka miƙe bin titi. Malaminmu na labarin ƙasa ya ce in za mu zana taswirar abin da muka hango, zai raka mu, ya kuma sa mana maki a zango na uku. Jin akwai malami ya sa aka bar ƙannenmu mata biyu su biyo mu, muka zama goma.

An tsai da magana a kan haka, shida da biyu. Babur biyu ne kawai za su yi aiki, yayyenmu masu lasisi za su tuƙa, su kai mu bakin titi kashi-kashi, daga nan mu shiga mota. Za mu fara gaida mai unguwa mu faɗi ko mu su wane ne, mu roƙi a haɗa mu da wanda ya san inda ake takawa.

Dutsen bazara yana da nasa sharuɗɗan. Za mu fara hawa da an idar da asuba gari ya waye, mu sauko kafin ƙarfe goma, domin da hantsi ya ɗaga dutse yana ƙona tafin hannu, silifas kuma yana sulɓi a kansa. Ba a sa hannu a tsaga, don nan ne maciji da kunama ke fakewa daga zafi. Zuma ma tana son kogon dutse, kuma turare da hayaniya na tayar da ita, saboda haka an hana mai turaren cikinmu fesawa ranar. In hadarin farko ya taso daga gabas, ko muna rabin hanya za mu juyo, domin tsawa wuri mafi tsawo take nema.

Madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa, tana kudu da gari, kuma wasunmu na son a ƙarasa can a ci soyayyen kifi. Wannan mun bar shi a hannun manya, su za su faɗa mana da safiyar ranar ko hanya ta yi kyau. Dala kuma an ɗage ta zuwa dogon hutu, an fara adashe duk Juma'a, kowa da abin da ya samu.

Ruwan sha ne abu na ƙarshe da aka yi gardama a kai. Mun so mu cika jarka babba mu ɗaure a bayan babur, sai tsohon direban ya ce kada ma mu fara, domin jarka a bayan babur, daga nesa ba mai cewa ruwa ne a ciki. Kowa zai riƙo gorarsa biyu, malam kuma ya ce zai sayo leda ɗaya ta fiya-wata a cikin gari.